Goyo ko keken jariri: abin da ya same mu ranar allurar sati shida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah a ɗan sam mani fili in yi magana kan wani abu da ya kusa haɗa rigima a gidanmu, kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne, wato keken jaririn nan da yanzu ya shiga lissafin kayan haihuwa, har ta kai in yarinya ta haihu ba a kawo shi ba sai ta ga kaman an tauye mata wani haƙƙi.

Ƙanwata ce, autar ɗakinmu, ta yi haihuwar fari cikin watan Maris, ta dawo wanka wajen Inna nan Ƙofar Marusa kamar yadda aka saba. Mijin a Abuja yake aiki, yaron kirki ne ba ni da abin cewa a kanshi. Ana jibi suna sai ga saƙo daga tasha, ƙaton kwali, aka buɗe sai ga keke mai rumfa da taya huɗu harda wajen aje kofi, sai kuma wata jakar goyo mai igiyoyi da maɓallai kaman ta 'yan makaranta. Kuɗin keken kaɗai, da na matsa mata ta faɗa mani, ya haura dubu 70 ɗin da aka ce shi ne mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan. Ranar suna kam ya yi rana, an kafa shi tsakar ɗaki 'yan barka sai hoto suke ɗauka. Inna kallo ɗaya ta yi mashi ta ce "wannan baron kuma na miye?" ta juya ta buɗe akwatinta ta fiddo zanin goyo na saƙi da majanyi, ta aje kan gado ba ta ƙara cewa komai ba.

Nan fa aka fara. Ita Auta cewa take goyo ya zama tsohon yayi, wai yana sa ƙafar yaro ta yi baka, wai kuma yana sa yaro ƙiwa da son jiki. Inna ta ce mu tara ta goya, a nuna mata wanda ke tafiya a karkace cikinmu. Ni ina tsakiya, kuma gaskiya a lokacin na ɗan fi karkata wajen Auta, dan na san ciwon bayan da na sha da nawa huɗun.

Ranar allurar sati shida ce ta raba gardama. Ƙarshen Afrilu, kowa ya san Katsina a wannan lokaci, tun ƙarfe tara rana ta buɗe, da azahar kuwa zafi ya kan wuce digiri 40. Auta ta ce da keke za a je. Tun daga dokin ƙofar ɗaki muka fara ɗagawa, muka ɗaga a zaure na ciki, muka ɗaga a na waje, muna fita lungu ga kwata ta ratsa tsakiya, gefe ɗaya turmin wani gida gefe ɗaya tumaki a ɗaure, inda babu kwata kuma yashi ne, tayoyin nan 'yan firit suka nutse sai ka ce an dasa su, ina ja ta gaba tana turawa ta baya, yaron kuwa sai jijjiga yake kanshi na rangaji, almajirai suka biyo mu suna kallo kaman an zo da wasan kura. Da ƙyar muka kai bakin titi. Mai napep na farko ya dube mu ya wuce abinshi, na biyu ya ce sai mun biya kuɗin mutum uku. Ƙarshe dai yaro a hannun uwarshi ya isa asibiti, ni kuma na rungume keken a naɗe bisa cinya, wato ni na goya keke.

A layin rigakafin wata malamar asibiti, babbar mace wadda ka gani ka san ta daɗe tana aikin, ta zo wucewa ta ga Auta ta buɗe keken ta sa yaron ciki. Ta tsaya, ta sa yatsa biyu ƙarƙashin haɓarshi ta ɗago, ta ce "ƙanwata dubi nan, kin ga yadda haɓarshi ta faɗa kan ƙirji? Haka numfashi ke toshewa, kuma ba zai yi kuka ki ji ba." Ashe keken ma ba na sabon haihuwa ba ne, irin na zama ne wanda bayanshi bai kwanciya sosai, na yaron da ya kai kamar wata shida wuyanshi ya yi ƙwari. Jinjiri sai dai wanda zai kwanta flat a bayanshi kamar kan katifa. Mu duk ba mu sani ba, mai sayen bai sani ba, kuma na tabbata mai shagon ma bai damu ya sani ba.

Ina cikin jin daɗi a raina ina cewa bari mu koma gida in ba Inna labari, sai matar nan ta juya kan wata da ke kusa da mu, wadda ta goya nata ta zumbula ƙaton hijabi mai kauri har ƙasa, ba ka ganin komai sai tudu a bayanta. Ta ce ta ɗaga. Wallahi Edita da aka ɗaga sai da gabana ya faɗi, yaron ya jiƙe sharkaf, ga hular ulu ga rigar sanyi ga safa, a watan Afrilu, fuskarshi a kife cikin bayan uwar, kanshi ya yi jawur. Nan ta yi mana faɗa mu duka, ba ta bar kowa ba, kuma wannan faɗan shi ya sa na ɗauko biro.

Dan ni yanzu ra'ayina a fili yake: ga jinjiri sabon haihuwa, a irin unguwanninmu da irin hanyoyinmu, goyo ya fi keke nesa ba kusa ba. Amma goyon da muke yi ɗin ma akwai gyara, kuma mun ƙi yarda a gyara mana sabida muna ganin gadonmu ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu muna gudun abin, duniya kuma tana dawowa kanshi. A shekarar 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben da ake sa bakwaini, jarirai sun yi yawa ana haɗa su cikin kwalba ɗaya suna ɗaukar cuta, sai ya ce a ba iyaye 'ya'yansu su ɗaura a ƙirji, fata da fata, ɗumin uwa ya zama kwalbar. Shi ne ake ce ma goyon kangaru. Daga baya an yi babban gwaji a ƙasashe biyar, Najeriya na ciki, a asibitin koyarwa na Ile-Ife, tare da Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya, sakamakon ya fito a 2021 cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kusan kashi 25 cikin ɗari. A watan Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk jaririn da aka haifa bakwaini ko bai kai kilo biyu da rabi ba a fara mashi da shi tun daga haihuwa. Kayan aikin kuwa? Zani. Zanin nan dai da Auta ta ture gefe. Shi kuwa keken, wanda ake cewa shi ne na farko wani Bature William Kent ya ƙera shi a Ingila a 1733 dan 'ya'yan wani basarake, kuma akuya ko ɗan ƙaramin doki aka tsara ya riƙa ja. Kun ga tun asali abin 'yan gata ne masu lambu da shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da akuyar ma aka haɗo mana da ita da ta fi mana amfani a yashin Ƙofar Marusa.

Maganar ƙafar baka kuma da na bincika ba goyo ke kawo ta ba. Kusan duk jariri da 'yar lanƙwasa ake haihuwarshi, tana miƙewa da kanta wajen shekara biyu, wadda ta ƙi miƙewa galibi ciwon ƙashi ne na ƙarancin sinadarin kalsiyam ko bitamin D, asibiti ake kai ta. Buɗewar cinyar nan da yaro ke yi a bayan uwa, gwiwa ta ɗan fi ɗuwawu tashi kamar zaman kwaɗo, ita ma likitocin ƙashi ke so dan ƙugu ya zauna daidai. Ko a bakinmu ma ai mun san darajar abin, ɗan siyasa in ya zo goyon baya yake nema, ban taɓa jin wanda ya ce a tura shi a keke ba.

Toh amma mu dawo kan namu laifin. Jinjirin da wuyanshi bai zauna ba, wasu da an yi suna sun sa shi a baya, zani bai tallafe ƙeya ba, kai na lilo, uwa kuma ba ta ganin fuskarshi. Na fi ganin a watannin farko a ɗaure shi ta gaba, a tsaye ba a naɗe ba, kanshi kusa da haɓarki yadda in kin sunkuya za ki sumbace shi, fuska a buɗe an juya ta gefe, hanci da baki ba abin da ya rufe su, ɗaurin kuma ya kama sosai kada ya zurma ciki. In ma a baya za a sa shi, to a ja zanin ya riƙe ƙeya, a juya fuskar, kuma a samu mai leƙawa. Kar a ce jakar kanti ta fi, a 2010 a Amurka sai da aka janye wata irin jakar goyo wajen guda miliyan ɗaya daga kasuwa bayan jarirai uku sun mutu a ciki, dan tana naɗe yaro kamar ƙosai a leda. Ta Auta ma da muka gwada, yaron zurmawa ya yi ciki dan ta mashi girma.

Sai hijabi. Ba ina cewa a bar sutura ba, Allah ya kiyaye, amma ana iya fito da kan yaro, ko a sa marar nauyi, a rage mashi kaya in za a goya shi tunda jikin uwa ma riga ce. Sai girki, mace na tuƙa tuwo bisa murhu hayaƙin itace na shiga idonta, ta manta akwai wani ƙaramin huhu a bayanta da ke shaƙa, ga tafasasshen ruwa ga mai. Sai uwa uba acaba. Duk wanda ke bin titin Ƙofar Ƙaura zuwa babbar kasuwa ya ga mace da goyo bayan mashin, kan jariri shi ne ƙarshen abin da ke kan mashin ɗin ta baya, napep na bin shi kaman zai taɓa. Na san ba da son rai ba ne, kuɗin mota ne ya gagara, ni ma na yi, amma duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Sai kuma ba 'yar shekara bakwai goyon jinjiri ta tafi wasan 'yar gala-gala da shi.

Kada masu keke su ce na yi masu rashin adalci. Wadda aka yi ma aiki aka ciro yaro, ko mai tagwaye, ko mai ciwon baya, ko wadda ke GRA gidanta shafe da siminti ga mota a ƙofa, keke zai taimake ta, in dai mai kwanciya ne kuma ba a lulluɓe shi da zani a rana ba, dan lulluɓin nan zafi yake tarawa ciki ba inuwa ba. Wannan lalura ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora ma magidanci sayen shi dan kada kishiyar yaya ko dangin miji su yi magana, alhali mai jego na buƙatar nama da kunun kanwa da itacen wanka da kuɗin zuwa awo.

Edita ina roƙon ku samo wata ungozoma ko malamar jinya ta yi mana bayani a shafinku na lafiya, da hoto, yadda ake ɗaura jinjiri a ƙirji da zaninmu na gida, dan da yawanmu goyon baya kaɗai muka iya, ni kaina sai da malamar asibitin nan ta kwance ta sake ɗaura ma Auta sau uku kafin na gane inda ake soke bakin zanin.

Allurar sati goma da ta sati goma sha huɗu duk a ƙirjin uwarshi ya je, da zanin Inna. Inna ba ta ce komai ba har yau, sai dai in za su fita ta kan miƙo majanyi tana kallon wani wajen. Keken kuma yana nan bisa sif cikin kwalinshi, mijin ya ce a aje sai yaro ya yi wata shida a sake gwadawa, ni dai na faɗa masu ranar su nemi wani mai ɗagawa.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare, uwar yara huɗu,
Ƙofar Marusa, Katsina.