Kan jatan landen kiwo

Aminina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Tunda ka ce yara sun ɗanɗana jatan lande sun ƙi saki, ga abin da ba a rubutawa a jikin leda.

Yawancin na daskare da ake sayarwa kiwonsa ake yi a tafkuna, a Indiya, Biyetnam, Indunusiya, Sin da Ekwado. Cunkusa su ake yi a ruwa ɗaya, ga kashi ga ragowar abinci, ƙwayar cutar Vibrio kuwa haka take so. Mai kiwo na tsoron jarinsa ya karye, sai ya cuɗa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci, wani lokaci tun cutar ba ta zo ba. Raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne suna miƙa wa juna wannan juriyar, har ga waɗanda ba danginsu ba, ciki har da masu kama ɗan Adam.

A 2019 tashar CBC ta Kanada ta kai ledoji 51 ɗakin gwaji, tara suka fito da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Ka san abin takaici? Masu binciken kaya a kan iyaka ragowar magani suka fi nema, irin su chloramphenicol, wanda saboda shi Tarayyar Turai ta dakatar da jatan landen Sin a 2002. Kaya na iya tsallake wannan gwaji tsaf alhali ƙwayar na manne a jikinsa. A ganina nan ne giɓin yake.

Ban ce ku daina ci ba, wuta tana kashe ƙwayoyin. Haɗarin yana tsakanin firji da tukunya: ruwan da ya narke ya ɗiga, wuƙa, katakon yanka, hannun da ya ɓare ɓawo sannan ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye. A narkar da shi cikin firji a rufaffen kwano, a ware masa katakonsa, a wanke hannu da sabulu, a dafa sai naman ya yi fari har ciki. Uwargida da juna biyu kuma, ta bar maka aikin ɓarewar.

A shafa min kan yara.

Naka amini