Wasiƙa daga Manchesta kan jikin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Ya Inna da ɗawainiya? Jiya na turo fam 150 ta asusunka. Kuɗin asibiti ne, Yaya. Ko sisi kada ya tafi wurin mai maganin da Kawu yake ta zancensa.

Gwaggo ta turo min saƙon murya tana kuka, wai an tsinci Baba a bakin kasuwa ya kasa gane hanyar gida, kuma an fara cewa jifa ne, har ana nuna matar maƙwabcinmu da baki. Ranar ban runtsa ba. Don girman Allah a bar baiwar Allahn nan.

Ka san aikina, gidan kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwa da nake ba ta abinci a baki, kowace yamma sai ta riƙe hannun rigata ta tambaye ni ko mijinta ya taso daga aiki, alhali ya daɗe da rasuwa. Babu wanda ya jefe ta. Cutar mantuwa ce, Alzheimer. Nas ɗin da muke aikin dare tare ta zana min abin a bayan takarda. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari, glutamet. Kaɗan ake so: ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin ƙwayar, kalshiyam ya shiga, ƙofar ta rufe. Da haka muke koyo, da haka muke tunawa. To idan glutamet ɗin ya taru ba a kwashe shi ba, sai ƙofar ta ƙi rufuwa, kalshiyam ya yi ta kwarara kamar ruwan Agusta a ginin ƙasa, har ƙwayar ta mutu. Wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa. Ba shi kaɗai ke kawo cutar ba, amma yana cikin masu cin ƙwaƙwalwar. Kada Inna ta ji akwai glutamet a farin magi ta zubar da nata, na miya ba shi ne matsalar ba.

Akwai magani, memantine, yana ɗan tare ƙofar. Ana farawa da miligiram 5 a hau a hankali zuwa 20. Ba ya warkarwa, sauƙi kawai yake kawo wa wasu. Ban rubuta sunan don ka je kyamis ka saya ba. Ku kai Baba Asibitin Malam Aminu Kano, likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, domin akwai mantuwar da wani ciwon daban ke kawowa, kuma ana maganinta. A auna masa hawan jini da suga.

Ni lafiya lau, sai ɗan sanyi. Shugabarmu ta yaba min a gaban kowa, ta ce tsofaffin sun fi natsuwa a hannuna. Na koma ɗaki na yi ta kuka. Ina aske gemun uban wasu, nawa yana yawo a kasuwa.

A sa masa takarda mai lambarka a aljihu. Idan ya maimaita tambaya kada yara su yi dariya, a amsa masa kamar yanzu ya fara yi. Addu'a a ci gaba da ita. Kuɗin dai na asibiti ne, ka ɗauko min hoton rasit. Ranar Juma'a bayan masallaci zan kira ta bidiyo, ku zaunar da shi inda akwai haske, ko zai gane ni.

Ƙaninka