Wasiƙa daga Jamaika bayan guguwar Melisa

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, ya aikin kaka, ya sanyin da ya fara shigowa. Don Allah kai da kanka za ka karanta wa Inna da Baba wannan, kar ka ba yara. Ina nan lafiya lau, ko ƙwarzane ban samu ba Alhamdulillahi. Shirun da kuka ji na sati biyu rashin wuta ne da rashin sabis, yau ma sai da na hau mota zuwa Mandeville na sa caji, ina kunna wayar saƙon Inna ya fara shigowa tana kuka, wlh sai da na nemi wuri na zauna.

Abin da kuka ji a rediyo gaskiya ne, har ma ba su faɗi rabi ba. Ranar Talata 28 ga Oktoban 2025 guguwar ta shigo da tsakar rana, kuma ta ɓangarenmu na kudu maso yamma ta shigo. Tun kwanaki kafin nan ake ta sanarwa, mutane na buga katako a taga suna sayen ruwa da kyandir, ni kuma a raina ina cewa ai mun san iska, mu da duk farkon damina sai ta yaye mana rufi. Ashe ban san komai ba Yaya. Tamu ta gida minti ashirin ta wuce, kowa ya fito ya tsinci kwanonsa. Wannan tafiyar hawainiya take yi, ta zauna a kanka awa da awanni, gudun iskar kuma an ce ya kusa kilomita 300 a awa, mataki na 5, babu na sama da shi. Ƙarar kamar tirela goma a tsakar ɗaki, kunne yana toshewa. Mu bakwai muka cushe a banɗakin tsohuwar da nake haya a gidanta don shi ne mai rufin kankare, jikarta ƴar shekara huɗu ta ƙanƙame min wuya har sai da farcenta ya yi min shaida, ni ina ta Hasbunallahu ita tsohuwar tana nata addu'o'in. Ta wata ƴar kafa na ga kwanon maƙwabta yana yawo a sama kamar takarda, wani falle ya zo ya kafe a jikin bishiyar mangwaro kamar an sara da gatari, har yau yana nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne babu wajen gudu. Ka tuna ambaliyar 2022, da ruwa ya ci gonarmu ta fadama ai kan tudu muka koma gidan Kawu, wasu suka tafi Kano wajen dangi, buhun gero ya zo daga can. Nan fa duk ƙasar ba ta kai rabin Jigawa ba, teku ta kewaye ta ko'ina, mutum kusan miliyan 3 a ciki. Kafin iskar ta iso an rufe filin jirgi, to ina za ka? Kuma idan ta daki wuri ɗan uwanka da za ka fake a wajensa shi ma nasa rufin ya tafi.

Bayan kwana biyar muka bi motar kai ruwa zuwa Black River, gari ne a bakin teku, da can har kifi nake zuwa saya. Ban gane garin ba. Can ba iska kaɗai ba ce, tekun ce da kanta ta taso ta shiga gari, jiragen masunta a kan titi, tsohon cocinsu ya zube, laka da wari ko'ina. Wani dattijo na gani zaune a kan daɓen ɗakinsa, daɓen ne kawai ya rage, yana shanya takardun makarantar ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya yana danne su da dutse. Na kasa ce masa komai, ruwan da ke hannuna na miƙa masa. Sama da mutum 40 aka rasa a ƙasar, daga nan guguwar ta wuce Kuba, a Haiti ma ruwanta ya kashe mutane da yawa.

Baba zai fi kowa gane wannan. Yankinmu Sent Elizabet shi ne rumbun ƙasar, su ke noma kankana da tumatur da albasa da gyaɗa, kuma bara a Yuli wata guguwar mai suna Beril ta riga ta kwantar musu da gonaki, da kyar suka ci bashi suka sake shuka sai ga wannan. Ayaba duk ta kwanta, kaji sun mutu, bishiyoyi ko ganye ɗaya babu kamar an cinna wa dajin wuta. Gero idan ya lalace ka jira damina mai zuwa, amma kwakwa da mangwaro shekara nawa kafin su sake haihuwa? Tsofaffi suna ta kwatanta ta da Gilbat ta 1988, suka ce wannan ta fi. Wani malamin kimiyya da muke koyarwa tare ya ce min asalin irin wannan iskar daga wajenmu Afirka ta Yamma take tasowa, hadari ne kawai, sai ta tsallako teku, in ta tarar da ruwan ya yi zafi ta sha ta ƙoshi ta zama dodo, ruwan kuma kullum ƙara zafi yake. Daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba haka suke zaman ɗar-ɗar kowace shekara.

Makarantarmu har yanzu mutane ne ke kwana a azuzuwa, mu malamai mun koma rabon abinci. Na san Inna za ta ce in tattaro in dawo, ki yi haƙuri Inna, mutanen nan da burodinsu guda suka raba da ni, ba zan juya musu baya yanzu ba, in kwantiragina ya ƙare ina tafe in sha Allah.

Kuɗin wannan watan ba zai cika ba Yaya, na saya wa tsohuwar tamfol da ƙusa, sauran kuma na ci abinci don komai ya yi tsada. Na ɗakin Inna da na turo tun Satumba kar a taɓa shi. Kuma ka gaya wa kafinta kar ya yi mana aikin a buga a tafi, na lura a nan gidajen da aka ɗaure katakon rufinsu da ƙarfe a jikin bango sun fi tsira, to a ɗaure namu haka, ƙusa ma a ƙara, ko da bandir ɗaya na kwano zai ragu a cika daga baya.

A gaishe da Gwaggo da Kawu da matarka da yara, a ce wa Auta ya riƙe karatu. Baba a sa mu a addu'a da mutanen nan duka. Ranar Juma'a zan sake hawowa caji, zan kira bayan kun yi isha'i, awa shida kuka riga mu, ka ajiye wayar kusa da Inna.

Ƙaninka.