Hotunan majarra ba ƙirƙirar kwamfuta ba ne: wasiƙa daga Jidda

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili in tanka wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin mutanenmu, a WhatsApp da majalisun bayan isha'i, nan Saudiyya da can gida. Ana cewa wai duk hotunan sararin samaniya da ake nuna mana zane ne, Turawa ne suka haɗa a kwamfuta don su burge duniya. Maganar ta yi ƙarfi tun watan Yuli na 2022 da aka fitar da hotunan farko na James Webb, babban madubin hangen nesa da aka harba sararin samaniya, ta ƙara ƙarfi yanzu da kowane yaro zai iya sa waya ta zana masa abin da babu shi. Na ji ta daga bakin dattawan da nake ganin girmansu, shi ya sa ta dame ni.

Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a Jidda, ban yi karatun falaki a jami'a ba. Amma da kuɗin gumina na sayi ƙaramin madubin hangen nesa da tsohuwar kyamarar Canon, kuma da su nake ɗaukar hoton majarra, wato tarin taurari biliyoyi da ke juyawa tare a wuri ɗaya, irin wadda Ranarmu take ciki. Abin da na ɗauka da hannuna shi nake so in bayyana.

Mafi sauƙin samu ita ce Andromeda, kuma ba Bature ne ya fara rubuta labarinta ba. Abdurrahman al-Sufi, masanin falaki Musulmi na ƙasar Farisa, ya ambace ta a littafinsa na taurari wajen shekarar 964, ya kwatanta ta da ɗan ƙaramin gajimare. Da ido kawai ya gan ta, don sai bayan fiye da shekara 600 aka ƙera madubin hangen nesa. Har gobe duk mai lafiyar ido da ya tsaya a wuri mai duhu zai ga wannan ɗan gajimaren. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga Rana zuwa nan minti 8 da ɗoriya yake yi, amma wanda ya taso daga Andromeda sai ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Faɗinta a sama ya kai kusan ninki 6 na cikakken wata, sai dai ido tsakiyarta kaɗai yake iya kamawa.

Wanda hotonsa ya fara fito da murɗaɗɗiyar siffarta ma ɗan sha'awa ne irinmu, wani ɗan kasuwa a Birtaniya mai suna Isaac Roberts, a 1888, da madubin da ya kafa a gidansa. Sai a 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinta, da babban madubin Dutsen Wilson a Amurka, ya auna nisanta, aka tabbatar ba cikin tamu majarrar take ba. Duk wannan kafin a san kwamfuta.

Na san inda shakkar take samo asali, kuma ban raina masu ita ba. Mutum ya ga hoto mai launin zinariya da shuɗi, sai a ba shi madubi ya leƙa, ya ga wani toka-toka maras siffa. Dole ya ce an yaudare shi. Abin da ya faru shi ne ido ba ya ajiye haske, abin da ya shigo yanzu ya wuce yanzu, kuma a cikin duhu ba ya rarrabe launi. Kyamara kuwa ana iya barin ƙofarta a buɗe minti biyu ko uku tana tarawa. Kamar ƙwarya ce a yayyafi: ka miƙa ta ka janye, da ƙyar ta jiƙe, ka bar ta ta kwana a waje, ka tarar da ruwa.

Wahalar tana wajen barin ƙofar a buɗe. Duniya tana juyawa, sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa, don haka cikin 'yan daƙiƙu taurari sun zama zare-zare a hoto. Maganin shi ne mazauni mai ƙaramar mota da ke juya madubin a hankali daidai da tafiyar sama. A wannan sana'a mazaunin ya fi madubin muhimmanci, kuma duk sabon shiga da ya tambaye ni, nakan ce ya zuba kuɗinsa a nan tukuna. Kafin a fara sai an saita ƙashin bayansa ya fuskanci tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu. A wajen Jidda yana tsaye kimanin digiri 21 daga ƙasa, a Kano kuwa kimanin 12 ne, don haka can gida sai an nemi wurin da gini ko bishiya ba su tare arewa ba. Saitin nan in ya kauce kaɗan, aikin daren ya lalace.

Hoto ɗaya ba ya isa. Ko an yi minti uku, abin da zai fito dushi-dushi ne, cike da ɗige-ɗigen da kyamarar kanta take haifarwa. Sai a ɗauki gomomi, wani lokaci ɗaruruwa, na wuri ɗaya, a ɗora su bisa juna da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne. Hasken majarra yana nan a gurbi ɗaya a kowane hoto, ɗige-ɗigen kuwa suna canza wuri, don haka da aka haɗa su gaskiyar tana ƙarfafa, dattin yana dusashewa. Lissafinsa ma sananne ne: ka ninka yawan hotuna sau 4, dattin ya ragu da rabi. Muna kuma rufe bakin madubin mu ɗauki hoton duhu zalla, don a san dattin da zafin kyamara ya jawo a cire shi, sannan mu ɗauki na farin haske bai-ɗaya don a gyara inuwar ƙurar da ta maƙale a gilashi.

Zafin nan shi ne babban abokin gabarmu a ƙasar nan, kuma a nan sana'ata ta taimake ni fahimta. Duk ƙarin zafi na digiri 6 ko makamancin haka yana ninka dattin da farantin kyamara, wato ɓangaren da ke kama haske, ke fitarwa. Shi ya sa masu hali suke sayen kyamara mai sanyaya kanta, mu kuma marasa hali muke jiran lokacin sanyi. Ga laimar Bahar Maliya da ke sa gilashi ya yi gumi tsakar dare, ga ƙura. Dole mu bar bakin teku mu hau tsaunukan Ɗa'if, ko mu nausa har ramin Wahba da ke cikin tsohon dutse mai aman wuta. Nakan tafi da wani matashi Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno, wanda yaƙi ya raba da karatunsa. Shi ne gwanin kwamfutar a cikinmu, ni nawa saiti da wayoyi da batir. Idan an gama saiti sai zama da jira, a sha shayi, a yi nafila, a riƙa duba ko iska ba ta girgiza ƙafar madubin ba.

To, ana taɓa hoton a kwamfuta? Ana taɓawa, ba zan ɓoye ba. Ana ɗaga hasken da ya yi rauni don ido ya iya ganinsa, ana daidaita launi, ana rage jan da fitilun gari suka shafa wa sama. Amma ba a ƙara tauraro ko ɗaya, ba a zana hannun majarra. Launin ma yana da dalili. Tsakiyar Andromeda rawaya ce saboda tsofaffin taurari ne suka taru a can, gefenta shuɗi-shuɗi saboda sababbin taurari masu tsananin zafi, baƙaƙen layukan da suka zagaye ta kuma ƙura ce da ta tare haske. Na James Webb dabam ne. Shi yana ɗaukar hasken da idon ɗan Adam ba ya gani sam, don haka masana ne suke ba kowane nau'in hasken launin da za mu iya gani, kuma su da kansu suna faɗin haka a fili.

Hotunan ƙarya kam akwai su, ni ma ana turo mini. Mai gaskiya zai gaya maka madubin da ya yi aiki da shi, da kyamarar, da wurin, da daren, da awa nawa ya tara. Akwai manhajar da za ka ba ta hoto ta gwada taurarin ciki da taswirar sama, in zane ne ba za su dace ba. Mafi ƙarfin hujja a wurina ita ce kowa zai iya zuwa ya sake ɗauka. Ranar 19 ga Mayu 2023 wani dattijo ɗan sha'awa a Japan, Koichi Itagaki, ya lura da sabon ɗigon haske a majarrar M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 21. Tauraro ne ya fashe. Cikin kwanaki mutane a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, suka juya madubansu can suka same shi a gurbi ɗaya. Mu ma mun ɗauke shi, muka ajiye kusa da tsohon hotonmu na wannan majarra: a tsohon babu ɗigon, a sabon ga shi. Wa zai iya haɗa bakin mai gyaran na'ura a Jidda da dattijo a Japan? Gani ya kori ji.

Akwai abin da ya fi wannan gardamar ci mini rai. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 kan hasken fitilu ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin layin majarrarmu daga inda suke zaune. Saudiyya tana cikin ƙasashen da abin ya fi shafa, Chadi kuma tana cikin waɗanda samansu ya fi tsabta. Yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda, da yawansu ba su taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba, alhali kakanninsu da taurari suke sanin shigowar damina. A nan duhu ya zama abin da ake tafiya ɗaruruwan kilomita a nema, har a 2024 aka ayyana wasu wurare a Al-Ula a matsayin wuraren da ake kare duhun samansu, baƙi suna biyan kuɗi su je kallo. Irin wannan saman kuwa yana nan bisa ƙauyukan Jigawa da Damagaram da Yobe kowane dare. Ban ce rashin wutar lantarki alheri ba ne, na san abin da yake jawo wa asibiti da ɗalibi. Na ce ne akwai dukiya a bisa kanmu da ba mu waiwaye ta ba.

Kuɗi ba ƙaramin shinge ba ne, amma ya ragu. Mai kyamara da gilashi mai ɗan jawo nesa da mazauni mai mota zai ɗauki Andromeda ba tare da madubi ba ma. Tun 2023 kuma an fito da ƙananan madubai irin Seestar S50, wajen dala 500 a lokacin, masu saita kansu su tara hotunan su nuna a waya. Wasu tsofaffin hannu suna raina su, suna cewa an sauƙaƙa abin da yawa. Ni ban yarda da su ba. Na'urar da za ta sa ɗalibai 40 su tsaya su ga majarra tana bayyana a hankali a gaban idonsu ta fi mini wadda mutum ɗaya zai ɓoye a ɗaki. Ga mutum ɗaya kuɗin da nauyi, amma ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko wani mai hali zai iya saya wa makarantar sakandare, batir na sola ya ishe ta. Ina kuma kira ga kwamitocin duban wata, waɗanda dama sun saba da madubi, su riƙa buɗe shi ga matasa a sauran dararen. A nan Saudiyya wuraren duban wata na Sudair da Tumair sun sa yara da yawa sha'awar falaki. Wannan ilimi ba duba ba ne, ba bokanci ba, babu mai gaya maka sa'arka. Awo ne da lissafi da kallon halittar Ubangiji. Batun tsaro kuma na sani, kada kowa ya shiga daji da dare saboda hoto. Filin makaranta ko saman bene a gefen gari ya wadatar, muddin an kashe fitilun kusa.

Ga wanda yake so ya gwada da idonsa, lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Hausa shi ne Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. A zaɓi daren da babu farin wata, daga wajen 23 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa. Bayan isha'i a fuskanci arewa maso gabas, a sa manhajar Stellarium a waya ta nuna gurbin Andromeda, sannan a kashe wayar a ba ido minti 20 ya saba da duhu. Kada a ƙura mata ido kai tsaye, a ɗan kalli gefenta, ta fi fitowa. Na haɗo da hotuna biyu, na Andromeda da na M101, tare da bayanin kayan aiki da wuri da dare, in akwai fili a buga su da bayanan gaba ɗaya.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Jidda, Saudiyya