A ba mu labarin Matabe da zanen Otsu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na al'adu kan zanen Japan da ake sassaƙawa a katako sannan a buga a takarda, na kuma ji daɗinsa. Sai dai kusan duk lokacin ya ƙare a kan hoton igiyar ruwan nan na mai zane Hokusai, kamar shi kaɗai Japanawa suka taɓa bugawa.

Akwai garin Otsu kusa da Kyoto, a kan Tokaido, babbar hanyar da ta haɗa Kyoto da Edo (Tokyo ta yau). Masu zane marasa suna sukan zauna bakin hanya suna sayar wa matafiya hotuna masu araha: dodo sanye da rigar malamin addinin Buddha yana rataye da kuge yana bara, budurwa ɗauke da reshen fure, da wani da ke fama ya danne tarwaɗa da gora. Jama'a suka ce wani Matabe ne ya ƙirƙiro su. An yi mai zane Iwasa Matabe da gaske, ya rasu a 1650, amma Matabe na bakin jama'a almara ce. A wasan kwaikwayon da marubuci Chikamatsu ya rubuta a 1708 talaka ne mai in'ina, wanda zanensa ke fitowa daga takarda ya kare shi.

Nan ne daɗin labarin yake. A 1842 gwamnatin shogun, wato mai mulkin soja na Japan, ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo na kabuki da karuwai. Mai zane Utagawa Kuniyoshi bai yi musu da hukuma ba. A 1848 ya zana mutanen cikin hotunan Otsu suna tsalle daga takarda, ga mai zane a zaune fuskarsa a ɓoye, kyanwa a gefensa. Kowa a Edo ya san Kuniyoshi da son kyanwa, don haka an gane shi ne mai zanen, kuma fuskokin masu tsallen na 'yan wasan da aka hana ne. Wa zai kai ƙarar dodo?

A 1853, shekarar da jiragen ruwan yaƙin Amurka suka iso Japan, ya sake buga Matabe da mutanensa. Sai raɗe-raɗi ya bazu cewa habaici ne ga masu mulki, aka yi ta rububin saye, har hukuma ta sa baki.

Ina roƙon ku ware wa wannan shiri guda. In da hali, a ambaci masassaƙin da mai bugawa, domin su ma da hannunsu a ciki.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya