A samar mana da irin alfalfa mai jure cututtukan ƙasarmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomi kan batun ciyawar alfalfa, wadda ake ta kwaɗaita wa masu kiwon shanun madara a Jihar Kaduna, musamman tun bayan kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024. Ba na musun amfaninta. Dangin wake ce, tana gina jiki fiye da yawancin ciyawar dajinmu, ana yankanta sau da dama a shekara, kuma idan an samu ban ruwa za ta rage wa makiyayi tsadar harawa da dusa a tsakiyar rani.

Damuwata ita ce irin da za a shuka. Alfalfa ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa, domin saiwarta ruɓewa take yi, sannan zafi da laima irin na watan Agusta a nan su ne yanayin da cututtukan kara da ganye suka fi yaɗuwa. Irin da aka tace domin sanyin Turai ko busasshiyar ƙasar Masar ba dole ba ne ya yi ƙarko a fadamun kogin Galma.

Waɗanda suka riga mu sun sha wannan wahala. A Amurka, wata cuta mai sa tsiro yaushi ta riƙa kashe gonaki har sai da masana suka fitar da iri masu jure mata, irin su Vernal a 1953. A Ostareliya kuwa, kusan kowa iri ɗaya yake shukawa, mai suna Hunter River, sai darɓa ta shigo a 1977 ta yi masa mummunar ɓarna. Mu ma dattawanmu ba su manta da abin da kuturtar gyaɗa ta yi a 1975 ba, kuma irin gyaɗa mai suna Samnut da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar daga baya ya taimaka wajen farfaɗo da noman.

Aikin tace iri mai jure cuta ba ya yiwuwa cikin gaggawa. Ƙudan zuma ne ke haɗa auren furannin alfalfa, saboda haka tsirrai a gona ɗaya ba su zama bai ɗaya ba. Sai an shuka dubbai, a sa musu cutar da gangan, a zaɓi waɗanda suka rayu, a haɗa su, a kuma maimaita shekara bayan shekara.

Muna da wurin da ya dace da wannan aiki, wato Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya. Ina kira ga gwamnatin tarayya da ta jiha su ware mata kuɗi na shekaru masu yawa, a gwada irin a wuraren kiwo na Ladduga da Damau, kuma kada a raba wa manomi irin da bai ga daminarmu ba.

Naka,
Wani mai kiwon shanu,
Kaduna.