Wasiƙa daga Agege kan maganar motar abinci

Agege, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya Kano, ya aiki? Allah ya sa mu ji alheri.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce kicin ɗin otal ya ishe ka, kana so ka tattara abin da ka tara ka zo Legas ka buɗe motar abinci, kana bin unguwanni da girkin haɗe-haɗe, namu na Arewa da na Yarabawa da na ƙetare. Hannunka a girki ba ni da haufi a kansa. Amma kafin ka taɓa ko sisi, ka riƙe wannan: a garin nan wurin tsayawa ake fara nema, mota ta biyo baya.

Dalili kuwa, Jihar Legas tana da doka tun 2003 da ta hana talla da kasa kaya a kan titi, kuma a 2016 gwamnati ta ce mai saye ma zai sha hukunci tare da mai sayarwa. Jami'an tsabtar muhalli, waɗanda har yau mutane ke kira KAI, su ke kama masu talla, LASTMA kuma, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta ja motar da ta tare hanya. Saboda haka maganar ka ga taro a gefen titi ka taka birki ka buɗe taga, cire ta daga ranka. Masu cin riba a sana'ar nan a filin wani suke tsayawa: harabar ofis, wurin fakin na rukunin shaguna, cikin rukunin gidaje masu ƙofa da izinin ƙungiyar mazauna, ko wurin biki. Ka sami wuri biyu ko uku, ku rubuta yarjejeniya da mai fili: ranakun da za ka zo, awa nawa, nawa za ka biya, wa ke kwashe shara, kuma ko zai ba ka wuta ka ja waya. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi, tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareta ya zama abokin cin riba. Gidan mai kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka kunna wuta a harabarsa.

Takardu ba su da wuya, yawa ne da su. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaidar gwajin lafiya ta masu taɓa abinci ga kowane yaro da zai shiga motar, takardun motar da inshora, da izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta Legas, domin sunan da za ka rubuta a jikin mota talla ne a wurinsu. Sai izinin ƙaramar hukuma. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da masu karɓar harajinsa, rasitin Ikeja ba lallai ya fishe ka a Eti-Osa ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka yawan yawo. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit, ka ajiye kwafi a cikin motar.

Game da unguwanni, kada ka ce za ka fara da nan Agege ko Idi-Araba don akwai 'yan uwa. Mutanenmu suna da mai masa da mai tsire a bakin ƙofa, a farashin da ba za ka iya karyawa ba, kuma ba za su ƙara ko naira ɗaya don an zuba musu a kwali mai zane ba. Kasuwarka tana wurin ma'aikatan ofis da rana, wajen Allen da Opebi da Alausa a Ikeja, ko Yaba inda matasa masu aikin kwamfuta da ɗalibai suka yi yawa. Da yamma Surulere ko Gbagada. Lekki da Victoria Island akwai kuɗi, amma kuɗin fili ma haka, ga gosulon hanya. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce, in ka hau ta a lokacin tafiya aiki, ƙullun masarka zai tashi ya faɗi kana kanta. Ka kama ɗakin girki a gefen da za ka fi ciniki. Ranakun kuma su zama tsayayyu: in Talata Yaba ce, kowace Talata a gan ka a Yaba. Ka sa jadawalin a Instagram da WhatsApp. Kwastoman da ya fito sau biyu bai same ka ba ya tafi ke nan.

Sai motar. Ka nemi tokumbo mai dogon rufi, irin Sprinter ko Transit, wadda mutum zai miƙe a ciki, tsayin ciki kamar mita 1.9. Ƙaramar bas tana da araha, amma wanda ya wuni a sunkuye gaban wuta ba zai yi wata uku ba bayansa ya gaya masa. Ka je da makanikenka, ya kuma tabbatar ana samun kayan gyaranta a kasuwar Ladipo. Tagar ciniki a yanka ta a gefen dama, ɓangaren da mutane ke tsayawa, da rumfa mai ɗagawa. Bango da teburin aiki a yi su da farin ƙarfe marar tsatsa, iskar teku tana cin baƙin ƙarfe da sauri, katako kuma yana shan mai ya zama gidan kyankyasai. Kuskuren da masu walda suka fi yi shi ne jera kaya masu nauyi duka a gefe guda. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne, ka ƙara firiza da murhu, sai motar ta karkace, sipirin ya kwanta, taya ta riƙa cinyewa ta ɓari ɗaya. Tankin ruwa ya zauna ƙasa, kusa da saitin tayoyin baya, firiza a wancan gefen. A yi wani tankin na ruwan wanke-wanke, don zubar da shi a harabar mutane shi ke fara ɓata ka da mai fili. Kowace durowa da ƙofar firij a sa mata sakata, ramukan hanya ba sa tausayi. Kuma kada ka yi mata fenti rawaya, 'yan tasha za su ɗauke ka danfo, bas ɗin hayar Legas.

Maganar wuta ina so ka karanta ta sau biyu. Tukunyar gas, mai kilo 12.5 guda biyu sun isa farawa, a waje take zama, cikin akwatin ƙarfe mai huda a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Kowace safiya a shafa ruwan sabulu a bakin regileta da mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa a kashe a gyara. Fanka mai zuƙe hayaƙi a saman murhu dole ce, a wanke ragarta duk mako, maiƙon da ke taruwa a nan shi ke kamawa. Abin kashe gobara a rataye bakin ƙofa, da bargon kashe wuta kusa da kaskon suya, yara kuma su san ba a watsa wa mai ruwa. Gawayi ba ya shiga cikin mota ko kaɗan, iskarsa tana kisa ba wari ba hayaƙi. Janareta mai 3.5 kVA zai ɗauki firiza da firij da fanka da fitilu, amma firiza tana jan wuta ninki biyu zuwa uku lokacin tashi, don haka ɗaya bayan ɗaya ake kunna su.

To, ga abincin, inda na san zuciyarka take. Jerin kala goma sha ɗaya da ka turo, ka yi haƙuri, na otal ne. Kala uku ko huɗu, dukkansu a kan nama ɗaya da yaji ɗaya da miya biyu. Ni a ganina: masa da suya a kai, naɗin suya a burodin shawarma, da dafa-duka mai soyayyar agada da dambun nama. Wanda ba ya cin nama a sa masa awara. Miya ɗaya ta taushe ce, a dafa ta ta yi kauri har ta tsaya a cokali, ɗayar kuma soyayyen barkonon nan na Yarabawa, ata dindin. Cuku a kan suya ban ga abin da yake ƙarawa ba sai tsada. Kilishi a cikin burodi kuwa, cizo ɗaya mutum zai zaro shi gaba ɗaya, gara a daka shi a barbaɗa a kan shinkafa.

Nama daga mayankar Oko-Oba da sassafe, kayan miya daga kasuwar Mile 12, duka wurare biyun Hausa za ka yi ciniki da ita. Ka ɗauki tsokar cinya, a yanka a gicciye da zaren naman, kauri kamar milimita 4. Kilo ɗaya ɗanye yakan dawo giram 650 zuwa 700 bayan gashi, in kana sa giram 80 a kowane kwali, mutum takwas ke nan. A sikeli ake aunawa. Hannun yaro yana ƙara nauyi in ya ga kwastoma mai fara'a. Yajin: ƙuli-ƙuli dakakke kofi 4, citta rabin kofi, barkono rabin kofi, tafarnuwa cokali 2, masoro cokali 1, kanumfari ƙaramin cokali, gishiri da dunƙule daidai baki. Na mako ɗaya kawai za a daka, a rufe ruf, laimar Legas tana dunƙule shi ya yi fumfuna, ba kamar Kano ba da zai yi wata a kwano. Rabi a shafa da man gyaɗa kafin gashi, rabi bayan an sauke, in an zuba duka tun farko ƙulin ya ƙone ya yi ɗaci. A gasa a gawayi a ɗakin girki har ya nuna sosai, a shanya a faranti mai faɗi ya huce da wuri, a sa a firij. A mota sai a watsa na mutum ɗaya a kan faffaɗan kasko minti biyu, ya yi zafi har ciki. In mai fili ya yarda, ka kafa ƙaramin murhun gawayi a waje bayan motar, ƙamshin tsire ya fi kowane allo kiran mutane. Ka rubuta a allon cewa akwai gyaɗa a yajin da miyar taushe, akwai waɗanda take tayar wa ciwo mai tsanani.

Masa ita ce za ta bambanta ka, ita ce kuma za ta fi ba ka wuya. Shinkafar tuwo kofi 4 a jiƙa ta kwana, a haɗa da dafaffiya kofi ɗaya da albasa a niƙa, yis cokali ɗaya, sukari cokali uku. Wannan zai ba ka ƙanana wajen 40. A zafin garin nan awa biyu zuwa uku ƙullun ya tashi, in ka bar shi a mota kusa da murhu, kafin azahar ya yi tsami ya tsinke, masar ta fito shafal tana shan mai. Da ya tashi a raba shi a ƙananan bokitai, kowanne rabi kawai don kada ya yi ambaliya a hanya, a sa a firij, a riƙa fito da ɗaya-ɗaya. Baking powder da gishiri sai lokacin suya. In ya ɗan yi tsami, digon ruwan kanwa yana gyara shi, in aka zarce kuma masar ta yi rawaya da ɗanɗanon sabulu. Tandar ƙasa ta fi daɗi, amma ba ta jure girgiza, ka nemi ta ƙarfe mai nauyi, wuta matsakaiciya, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye.

Naɗin shawarma matsalarsa jiƙewa. A cire 'ya'yan tumatir, kabeji ya tsane sarai, miyar a kan nama ba a jikin burodi ba, a danna bakin naɗin a kasko rabin minti. Bama da duk wani abu mai ƙwai ko madara ƙasa da digiri 5 yake zama, shinkafa sama da 60. Ka sayi ma'aunin zafi mai tsinke. Zoɓo yana jure wuni a ƙanƙara, kunun aya kuwa in sanyi ya yanke na ɗan lokaci ya juya, ka bar shi tukuna.

Yanzu lissafi. Cinikin rana daga 12:30 zuwa 2:30 yake, minti 120. In kowane minti biyu kwali ɗaya ke fita ta taga, 60 ne iyakarka, komai tsawon layi. A kan wannan adadin za ka ɗora kuɗin fili da gas da fetur da albashi, ka ga ko ya ɗauka. Kayan da ke cikin kwali, har da kwalin kansa da cokali, kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na farashin. Ka bar sarari saboda tumatir da attaruhu, da damina farashinsu yakan yi tashin gwauron zabi. Mutum uku a mota: mai wuta, mai haɗawa, mai karɓar kuɗi wanda ba ya taɓa abinci. Yawancin biya da POS ne ko tiransifa, kuma sai kuɗi sun shigo asusunka a miƙa abinci, hoton alat a wayar kwastoma ba shaida ba ne.

Farar robar nan ta tekawe mai kama da soso an hana ta a Legas tun Janairun 2024, kwali za ka nema, mai rufin ciki da mai ba ya ratsawa. Yuni da Yuli ruwa yakan kashe cinikin taga, wasu titunan Lekki ma su cika, a lokacin masu kai saƙo irin Chowdeck da Glovo ne za su riƙe ka, sai dai suna cire kasonsu, ka sa shi a farashi. Disamba kuwa bukukuwa ne ko'ina, kuma tun Oktoba ake kama gurbi.

Shawarata, ka ɗauki hutun mako biyu ka zo. Mu zaga wuraren nan da rana tsaka ka ƙirga mutane da idonka, ka yi magana da masu fili, ka gwada kala ukun a rumfa da tebur a wuri ɗaya kafin a kira mai walda. Masauki ba matsala. In za ka taho ka riƙo mana citta da masoro daga Kurmi.

Ka gaida Hajiya da mai ɗaki da yara. Allah ya sa albarka a abin da ka nufa.

Wassalam,
Naka amini.